Tafiyarmu Ikko Kan Takardar Gyaran Inji

Tun ranar da na dawo daga Ikko ban samu na kwance noti ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya kawo injin niƙa ko injin ban-ruwa garejina na bakin kasuwar Bukkuyum, sai ya jawo benci ya zauna ya ce, "Sajan, wai da gaske ka shiga teku?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya tashi sai ya ƙara nasa gishirin. Ran kasuwar da ta wuce wani baƙo ya ba ni labarin wani tsohon soja na garin nan da ya tuƙa jirgin yaƙi da hannu ɗaya. Bai san da ni yake magana ba. Shi ya sa na ce gara in rubuta abin yadda ya faru, kowa ya huta.

Sunana Garba. Shekara ashirin da biyu na yi ina makanikin sojan ƙasa kafin in ajiye aiki da igiya uku. Tun ina farabiti nake da wata ɗabi'a: duk motar da ta shiga hannuna sai na rubuta abin da ya same ta, da mil nawa ta yi kafin ya same ta, da abin da na sa mata. Da ajami nake rubutawa, don mahaifina malamin allo ne, kuma hannuna ya fi gudu a nan. Kafin in bar aiki littafi goma sha ɗaya na cika.

A farkon shekarun dubu biyu wasiƙa ta iske ni daga Manjo Istifanus, mutumin Zuru, wanda na yi aiki ƙarƙashinsa tun yana laftana. Ya ce an kafa kwamiti na sojan ƙasa da na ruwa da na sama, saboda kowane ɓangare da irin yadda yake rubuta lalacewar injinsa, kuma in aka haɗu wurin aiki ɗaya ba mai gane takardar wani. Ana son a fito da takarda guda, shi ne ake neman tsofaffin hannu su zo su faɗi abin da suka sani. A ƙasa ya ƙara da biro: "Ka taho da littattafan nan naka da muke yi wa dariya."

Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, wadda a lokacin ta haura tamanin, tambaya ɗaya ta yi mini: "Akwai ruwa can?" Na ce akwai. Ta ce, "To ka tsaya inda ƙahwarka ka taɓa ƙasa." Na ce in sha Allahu.

Ba ni kaɗai aka kira daga yankinmu ba. Akwai Malam Haruna na Gummi, wanda ya yi aikinsa a gyaran jiragen sojan sama. Mun daɗe da sanin juna, kuma mun daɗe ba mu yarda da juna a kan komai ba. Ni ina ce masa Na-Sama, shi yana ce mini Mai-Turi, wai mu sojan ƙasa ba mu san gyara ba sai tura mota. Ya aiko cewa in same shi Gummi mu tafi a motarsa.

Motar tsohuwa ce, amma ko a asibiti ban ga tsabta irin tata ba. Ya ɗaure agogo a sitiyari, ga ɗan littafi da fensir a gefensa. Kafin mu tashi sai da ya zagaye ta sau biyu yana taɓa kowace taya, ya duba agogo, ya rubuta, sa'an nan ya yi bisimilla.

Mun wuce Daki Takwas mun kama hanyar Zuru, mota na tafiya sumul, sai na ga ya sa sigina ya gangara gefe cikin daji. Na ce, "Lahiya?"

Ya ce, "Belin hwanka ya cika awansa."

"Ya tsinke?"

"Bai tsinke ba. Ya cika awansa."

Na fito na duba bel. Babu tsaga, babu saki, ko ƙara ba ya yi. Na ce, "Malam Haruna, wanga bel ya hi ni lahiya. Mi ya yi maka?"

Ya ɗauko sabo da ya saya a kasuwar Gummi, ya cire tsohon ya jefar a ciyawa, ya ɗaura sabon, ya wanke hannu da sabulu, ya rubuta. Da ya juya baya na tsinci tsohon na cusa a jakata, don ni ban iya ganin abu mai rai an yar da shi ba.

Ba mu kai Kontagora ba sabon bel ya tsinke. Ƙara ɗaya muka ji, allurar zafi ta fara hawa. Muka tsaya kusa da wasu Fulani masu tallar nono. Malam Haruna ya riƙe guntayen bel a hannu biyu yana kallonsu kamar an aiko masa da rasuwa. Na bar shi ya ɗan sha rana, na sayi nono na sha, sa'an nan na zaro tsohon daga jaka na miƙa masa. Ya ɗaura, ya rubuta a littafinsa cewa an mai da tsohon bel na wucin gadi. Wucin gadin nan shi ya kai mu Ikko.

Na yi ta tsokanarsa har muka shiga Kontagora. Da abin ya ishe shi sai ya ce, "Mai-Turi, kai in motarka ta mutu, gehen hanya kaka gangarawa ka sha nono. Mu can sama babu gehen hanya." Na daɗe ina juya maganar a raina.

A Mokwa muka kwana gidan wani ɗan'uwansa mai sayar da albasa, da hantsi muka iso gadar Jebba. Ni a wurina nan ce iyaka, don daga nan harshe ya canza, tuwo ya canza, har gaisuwa ta canza. A bakin gadar akwai shinge, wani mai kaki ya tsai da mu ya ce a buɗe but. Ya ga ƙullin littattafaina, ya kwance, ya buɗe ɗaya, ya ga ajami baƙi ƙirin shafi bayan shafi, ga tabon baƙin mai. Nan take ya ja da baya, ya cire hula. Ba ya jin Hausa. Cikin Turancin bariki ya ce shi ya san irin waɗannan littattafai na manyan malaman Arewa, shekara shida ke nan ba a ƙara masa girma ba, don Allah in karanta masa wani abu.

Kafin in yi magana Malam Haruna ya ce da Hausa, "Karanta mashi mu wuce, rana na yi."

Na buɗe inda hannuna ya faɗa na karanta: "Lori mai lamba bakwai. Lagireto ya fashe a kan tudu. An toshe da sabulu da garin rogo."

Mutumin ya ce, "Amin."

"Kwana uku ya sake fashewa."

"Amin, amin."

Nan raina ya ƙi. Na rufe littafin na gaya masa gaskiya, cewa ni makaniki ne, wannan kuma labarin lori ne. Na ɗaga hannu na roƙa masa Allah da gaske ya ba shi igiyarsa in alheri ce. Sai ya fashe da dariya har yana dukan but. Daga baya ya ce, to tunda makaniki ne, babur ɗinsa na bayan rumfa kwana biyu ya ƙi tashi. Filogi ne. Minti goma ya ɗauke ni.

A Ilori muka ci abinci. Aka kawo mana amala baƙa da wata miya koriya mai yauƙi. Na ɗauka kukarmu ce ta sha wahalar hanya, na kai loma, sai na ji barkono ya bi ta hanci ya fito ta ido. Matar da ke sayarwa ta ga hawayena ta tausaya, ta ƙaro mini miya. Abin da ya burge ni da mutanen nan shi ne gaisuwa. Ana gai da mai zaune don yana zaune, ana gai da mai tsaye don yana tsaye. Mu da muke ganin mun iya gaisuwa, can ɗalibai ne.

Na san Ikko tun ina aiki, amma barikin ƙasa na sani. Wannan taro a sansanin sojan ruwa aka shirya shi, kuma ba wanda ya gaya mini cewa sai an ƙetare ruwa ake isa. Muka ajiye mota, aka nuna mana wani jirgi ƙarami yana rawa a bakin gaɓa. A nan muka haɗu da Baba Lamidi, babban makanikin injin jiragensu, Bayarabe mai furfura da ƙaton ciki, saura 'yan watanni ya yi ritaya. A Gusau ya tashi, mahaifinsa tela ne, Hausa a bakinsa har da ta zagi.

Ya dube ni ya ce, "Sajan, ka taɓa shiga ruwa?"

Na ce, "Gulbinmu nakan ƙetare shi da rani."

"Da rani ruwan yana kai ina?"

"Idon sawu."

Ya sa aka ɗaura mini wata riga mai kumburi, ya zaunar da ni a tsakiya. Na rungume littattafaina, na rufe ido, duk addu'ar da mahaifina ya koya mini sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Malam Haruna da ke yi mini dariya a gaɓa, shi ya fara mai da amalar Ilori. Tafiyar ba ta fi minti ashirin ba. Wannan ita ce shiga tekun da kuke tambaya. Baba Lamidi ma ya ce ba teku ba ce, wai tekun tana can gaba. Na ce a gai da ita.

Mutanen ruwa suna da al'adu. Masaukin da aka kai mu gini ne na bulo da siminti, a kan ƙasa daram, amma jirgi suke ce masa. Mutum zai fita ƙofar gida ya sayi goro sai ya ce zai sauka tudu. Suna da ƙararrawa da ake bugawa kowane rabin awa, ranar farko duk bugu sai na miƙe na ɗauka abinci ne. Ga fararen kaya. Ni dai ban taɓa ganin makaniki da farin wando ba sai can. Gadon ɗakinmu kuma hawa biyu ne, wani kan wani. Na ce wa Malam Haruna tunda shi na sama ne ya hau. Ya ce gwiwarsa ta cika awanta. Muka sauko da katifar sama ƙasa, muka bar gadon sama yana kallonmu.

Abinci kuwa, kifi da safe, kifi da rana. Rana ta biyu aka sa mini ƙaguwa a faranti da ƙafafunta cif. Na ce wa mai rabo a garinmu wannan yara ke jifa a bakin gulbi. Ya ce nan ta manyan baƙi ce. Na ci shinkafar da ke kewaye da ita, muka rabu lafiya.

Aka buɗe taro a wani zaure mai fankoki shida, ba ko ɗaya da ke juyawa. Mu kusan talatin ne, Manjo Istifanus ke shugabanta. Ya yi ƙiba, amma da ya gan ni sai da ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Sajan, ka zo da su?" Na nuna masa ƙullin.

Ya rubuta tambaya ɗaya a allo: yaushe za a ce inji ya lalace? Ya ce mu gama da wannan kafin shayi, mu wuce gaba.

Kwana biyu muka yi a kanta.

Mu na ƙasa muka ce mota ta lalace in an tura ta ta ƙi tashi. Na sama suka ce wannan ai gawa ce, su in allura ta yi rawa kaɗan, jirgi ya lalace. Na ruwa suka ce muddin ana tafiya ba a nutse ba, ba a ce an lalace ba, amma ko tari inji ya yi sai an rubuta. Aka zo maganar tsufan inji, mu muna ƙirga mil, na sama suna ƙirga awa, na ruwa suka ce su ruwa ba shi da mil. Wani ya ce a bi tsarin na sama tunda ya fi tsari. Wani tsohon sajan-manjo daga cikinmu ya miƙe ya ce in aka bi tsarinsu, kafin sati babu motar soja ko ɗaya a kan titi, kowace tana gareji ana jiran awanta. Malam Haruna ya ce da haka ya fi wa jama'a alheri. Sai da aka shiga tsakani.

Duk wannan cikin zufa ake yi. Rana ta uku na kasa haƙuri, na tambayi Baba Lamidi me ya sami wutar. Ya ce janaretan zauren wata uku ke nan yana kwance, matatar man gas ta toshe, an rubuta wa sito sau huɗu, amsa ɗaya: babu.

Na ce a nuna mini. Da tashin shayi muka zagaya baya ni da shi da Malam Haruna. Ina ganin injin na gane shi, irin wanda ke cikin manyan motocinmu na ɗaukar ruwa ne, fenti kawai aka canza. Malam Haruna ya leƙa ya ce su ma shi ne a cikin motar da ke jan jirgi zuwa fili. Amma ba wannan ya tsai da ni ba. A wuyan injin an rataye wani ɗan kwali kore.

Na ce, "Baba, inji a mace, mi ya kawo kore a wuyansa?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Mu nan kore yana nufin akwai aiki a kansa, ba a gama ba, ana jiran kaya. Wanda yake lafiya fari muke sa masa."

Na sake duban koren, na ajiye maganar sai mun koma zaure.

Muka tafi sito. Mai sito ya buɗe littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya ce babu. Na roƙe shi ya bar ni in shiga da idona. Ya ce doka ta hana. Baba Lamidi ya yi masa wata magana da Yarbanci, doka ta ba da hanya. A kanta ta uku daga ƙasa na ga kwali guda cike da matatar, ƙura ta rufe shi. Mai sito ya ce a'a, wannan ba ita ba ce, wannan kayan sojan ƙasa ne da aka kawo bisa kuskure shekara biyu da suka wuce, sunanta daban, lambarta daban. Malam Haruna ya ɗauki ɗaya ya juya, ya faɗi sunan da su suke kiranta, na uku ke nan. Abu ɗaya, suna uku, lamba uku. Wata uku mutane na shan zafi, maganin yana taku arba'in daga injin.

Muka ɗaura. Ana tsakiyar musu a zaure fankoki shida suka tashi lokaci ɗaya, takardun Manjo suka watse. Aka yi tafi kamar an ci ƙwallo. Baba Lamidi ya aza tsohuwar matatar a kan tebur ya ce kowane ɓangare ya faɗi sunanta. Da aka faɗa, ba wanda ya ƙara cewa tsarinsu ya fi.

Sai na ɗaga hannu. Na ce ina da shafi ɗaya da nake son karantawa, daga littafi na tara.

Shekarun baya an tura mu wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma. Janaretan asibitin sansaninmu ya tsufa, aka roƙi jirgin ruwanmu da ke gaɓa ya ba mu aro. Aka aiko da inji mai kyan gani, da kore a wuyansa. A wurinmu kore lafiya ƙalau ke nan. Ni da hannuna na cire tsohon na kai ofis, na haɗa wa asibiti wannan, na bar shi yana aiki ba hutu. Rana ta biyu ya mutu, mutuwar da ban iya tayarwa ba. Kafin in dawo da tsohon, shi ma an kai shi wani sansani. Kwana huɗu asibiti babu wuta. Maganin da ke firji ya lalace, tukunyar dafa kayan aiki ta tsaya. A cikin masu jinya akwai Kofur Sale, mutumin Anka, direban da muka shekara shida a mota ɗaya. Raunin harsashi ne a ƙwauri wanda likita ya ce na sati biyu ne. Ya ruɓe. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Na ce musu, "Shekara tara ina cewa wani ne ya aiko muna mataccen inji ya yi ƙarya ya sa mashi kore. Yau na gane ba ƙarya ya yi ba. Gaskiya ya hwaɗa da yarensu, ni na karanta da namu."

Manjo ya goge tambayar da ke allo, ya ce a fara da launi.

Ba zan ce mun gama komai ba. Maganar mil da awa, da aka gaji, sai aka ce a yi gida biyu a takardar, kowa ya cika duka. Maganar suna ɗaya ga kowane ƙarfe aka ce aikin shekaru ne, aka ba wani ƙaramin kwamiti. Ni kuma sai da na ƙara kwana biyar ina karanta littattafaina ana bugawa a kwamfuta, don Manjo ya so in bar su, na ce sai dai a bar ni tare da su. Amma launi an gama shi a yinin nan. Kore, lafiya. Rawaya, yana aiki amma a bi shi a hankali. Ja, kada a taɓa. Ko a tudu, ko a ruwa, ko a sama.

Ranar da za mu taho, da safe muna jiran jirgin ƙetarawa, sai ga Baba Lamidi da wani babban littafi mai baƙin bango. Ya ja ni gefe ya buɗe wani shafi. Rubutun boko ne, ƙanana, a tsare. Ya karanta mini: an ba sojan ƙasa aron janareta bisa umurni, gyaransa bai kammala ba, kada ya wuce awa uku a kunne, an rataya masa kore don su sani. A ƙasa ga sa hannu.

Ya ce, "Hannuna ne, Sajan. Tun ranar da ka yi magana nake nema, jiya na samu." Idonsa ya kawo ruwa. "Na ɗauka na yi muku gargaɗi."

Na ce, "Ka yi, Baba. Ni ne ban iya karatunku ba."

Ya ce shi dai ba zai iya zuwa Anka ba, ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba don kunya. Ya ba ni ƙullin busasshen kifi da farar hularsa ta aiki, ya ce in kai wa Sale, in gaya masa komai, kada in rage.

A dawowa na ce Malam Haruna ya sauke ni Daki Takwas, na shiga motar Anka. Na iske Sale inda yake kullum, bakin tasha, gaban faifan goronsa, sandarsa jingine da bango. Muka gaisa, ya ba ni goro, na zauna na ba shi labari tun daga kwalin wuyan janareta har littafin Baba Lamidi. Ban rage ba, har da cewa ni na haɗa injin da hannuna. Na miƙa masa kifin da hular.

Ya daɗe yana kallon hular. Sa'an nan ya ce, "Sajan, kana nuhin ba harsashi ya ci ƙahwata ba, kala ta ci ta?"

Na ce, "Kusan haka."

Ya girgiza kai, sai dariya ta kama shi, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ya ce, "Shekara tara kullum sai na tsine wa wanda ya aiko injin nan. Ashe bawan Allah tela ne ubansa, kuma har da kihi. Yanzu wa zan tsine wa?"

"Sai ka haƙura."

"Na haƙura. Ka aika mashi ka ce na yahe, kai ma na yahe maka, ko da yake kai ba ka kawo kihi ba." Ya kifa hular a kansa, ta rufe masa kunne. "To yanzu an gyara abin?"

Na zaro kwalaye uku da aka ba mu samfuri, na jera masa a kan faifan goro, na gaya masa ma'anar kowane. Ya sa na maimaita. Ya ɗauki koren ya juya ya ajiye. Ya ture jan da bayan hannu. Sai ya ɗauki rawayan, ya jawo sandarsa, ya ɗaura mata shi a wuya da zaren buhun goro, ya ƙulla sau biyu.

Wani direba da ya zo sayen goro ya ce, "Kofur, mi ne wannan kuma?"

Sale ya gyara hularsa ya ce, "Takardar soja ce. Tana cewa ina aiki, amma a bi ni a hankali."